DARASIN WANNAN WATA: SHINKAFA A AL'ADARMU DA ADDININMU

    

Darasinmu na yau a kan shinkafa ne. Kowa ya san ta. Wasu na noma ta, wasu na guma ta, wasu na sayar da ita, kowa kuma yana ci. Amma yau ba maganar taki ko maganin ciyawa za mu yi ba. Za mu duba matsayinta a bukukuwanmu, da zumuncinmu, da ibadarmu.

Ga abin da muke so mai karatu ya riƙe: a cikin shinkafar da ka noma akwai haƙƙin mutane da yawa. Akwai na iyalinka. Akwai na baƙo da maƙwabci. Akwai na miskini. Akwai kuma rabon gonar baɗi, wato iri. Wanda ya san waɗannan haƙƙoƙi ya fitar da su, ya zauna lafiya. Wanda bai san su ba, yana iya cika rumbu da kaka, amma damina ta same shi da bashi.

A karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya ba tukuna. A ƙarshe akwai tambayoyi da aikin lissafi.

ASALIN SHINKAFA

Mutane da yawa suna zaton shinkafa baƙuwa ce, Turawa suka kawo mana ita. Ba haka ba ne. Shinkafar da ake nomawa a duniya gida biyu ce.

Gida na farko shi ne shinkafar Asiya. An fara noma ta a ƙasar Sin, a kwarin kogin Yangtse, shekaru dubbai da suka wuce. Daga can ta bazu cikin duniya. Yawancin farar shinkafar da muke gani a kasuwa daga wannan gida take.

Gida na biyu shi ne shinkafar Afirka. Wannan tamu ce. Masana sun ce mutanen Afirka ta Yamma ne suka fara noma ta, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Cibiyarta ita ce manyan fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, wajen Mobti da Tumbuktu. Ƙwayarta takan zo da jan baya. Tana da juriya. Wasu irinta suna bin ruwa: in ambaliya ta ƙaru, karan ya ƙara tsawo, kan ya zauna a sama. Manoman fadamun Sakkwato da Kabi sun daɗe da sanin irin wannan shinkafa, tun kafin zuwan Turawa.

A shekarun 1990, wani masani ɗan ƙasar Saliyo, Dokta Monty Jones, ya jagoranci aikin haɗa gidajen nan biyu. Aka sami sabon iri da ake kira NERICA. Ya ɗauko juriya daga ta Afirka, ya ɗauko yawan yabanya daga ta Asiya. A shekarar 2004 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan harkar abinci. A wannan shekara ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a matsayin shekarar shinkafa. Dalili kuwa, fiye da rabin mutanen duniya da shinkafa suka dogara.

DAGA ABINCIN SALLAH ZUWA ABINCIN KULLUM

Ka tambayi dattijon gidanku. Zai gaya maka cewa a da, gero da dawa su ne abincin kullum a yawancin ƙasar Hausa. In ka cire mutanen bakin fadama, shinkafa sai ranar Sallah, ko ranar biki, ko in babban baƙo ya sauka. Yara kan yi kwana da kwanaki suna ɗokin ranar. Saboda haka ne ta sami suna a wurinmu: abincin girmamawa.

Abubuwa sun sauya daga shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, aka riƙa shigo da shinkafa daga ƙasashen waje. Ita ce mutane suka sa wa suna shinkafar gwamnati. Tamu ta gida kuma aka ce mata 'yar Hausa. A lokacin ne kuma aka gina manyan madatsun ruwa. An gama na Tiga a 1974, na Bakolori a 1978, na Goronyo a 1984. Noman rani ya bunƙasa a wurare irin su Kura da Kadawa da Talatar Mafara. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ta fitar da irin da ake kira FARO, kamar FARO 44 da manoma da yawa suka sani. A ƙasar Nijar ma ana noma ta a bakin kogi, wajen Tilaberi da Gaya.

Akwai wani dalili kuma daga ɗakin girki. Tuwon dawa yana son surfe da niƙa da tankaɗe da tuƙi. Shinkafa kuwa a rege, a wanke, a zuba a tukunya. Ta rage wa mata wahala. Yau a gidaje da yawa ba a kwana biyu ba a dafa ta ba: shinkafa da miya, ko dafa-duka, ko garau-garau da mai da yaji.

Duk da haka, darajarta ta da ba ta gushe ba. Har yau in aka ce taro, tukunyar shinkafa ce ke fara hawa murhu.

SHINKAFA A BUKUKUWANMU

Bari mu bi rayuwar mutum mu gani.

Ranar suna. Kwana bakwai da haihuwa ake raɗa suna. Mata sukan kwana suna aiki. Da safe ga waina, da rana ga tuwon shinkafa ko dafa-duka. Dangi na nesa da na kusa su ci daga tukunya ɗaya.

Saukar karatu. In yaro ko yarinya suka sauke Alƙur'ani, iyaye kan yi walima. A kai wa malam, a raba wa almajirai, a aika wa maƙwabta.

Aure. Iyayen amarya sukan kai gara gidan ango. A ciki akwai buhun shinkafa, da mai, da kayan zaƙi irin su alkaki da dubulan da nakiya. Nakiya da garin shinkafa ake yin ta, da zuma ko sukari, da kayan yaji. Tana daɗewa ba ta lalace ba. Manufar gara ita ce a tallafa wa sabon gida ya tsaya da ƙafarsa.

Azumi da Sallah. A wajen buɗa baki akwai kunun gyaɗa, wanda ake damawa da shinkafa. Ranar Sallah kuwa, bayan an sauko daga Idi, sai ka ga yara ɗauke da kwanuka suna shiga gida-gida. Wannan ya kai waina da miyar taushe, wancan ya kai sinasir, wani ya kai tuwon shinkafa. Kwano ba ya komawa wayam. Da wannan kwano ake sada zumunci. Da shi ne ma wani lokaci ake shirya waɗanda suka yi saɓani.

Rasuwa. In an yi rashi, maƙwabta kan dafa abinci su kai gidan makoki. Wannan yana da tushe a addini. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya ɗauke musu hankali. A lura: maƙwabta ne ke kai wa masu makoki. Ba a ɗora wa marayu nauyin ciyar da gari ba.

'Yan'uwanmu Kirista ma haka. Ranar Kirsimeti sukan dafa shinkafa da miya da nama, su aika wa maƙwabta, Musulmi da Kirista. Da kaka kuma sukan kai wani abu daga amfanin gona majami'a don godiya ga Allah.

Har Hausawan da suka yi ƙaura sun tafi da tukunyarsu. A ƙasar Gana akwai sanannen abinci da ake kira waakye. Sunan daga Hausa ya fito, wato shinkafa da wake. Daga unguwannin zango ya bazu, yau duk ƙasar na cin sa.

Me muka gani a nan? A duk waɗannan lokuta, ba don mutum ɗaya ake dafa shinkafa ba. Don a raba ake dafa ta.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA ƊAUKE TA

Ba mu kaɗai ne muke girmama shinkafa ba. Bari mu leƙa nahiyar Asiya, inda aka fi noma ta, mu ga yadda wasu al'ummomi suka ɗauke ta.

A ƙasar Japan, kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci baki ɗaya. Sarkin ƙasar da kansa yakan dasa shinkafa a wata 'yar gona cikin fadarsa, ya girbe da hannunsa. Ranar 23 ga Nuwamba ta kowace shekara yakan yi bikin miƙa sabuwar shinkafa, bisa addininsu na gargajiya da ake kira Shinto.

A ƙasar Tailan, in mutum zai ce maka ka ci abinci, cewa yake ka ci shinkafa. A watan Mayu sukan yi bikin huɗa na sarauta, da shanun noma, don buɗe damina.

A kudancin Indiya, mutanen Tamil suna da biki mai suna Pongal a tsakiyar Janairu. Sukan dafa sabuwar shinkafa da madara har tukunya ta yi bori ta zube. A wurinsu wannan alamar yalwa ce. Mabiya addinin Hindu kuma suna da bikin ba jariri lomar shinkafa ta farko, in ya kai wajen wata shida.

A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, manoma suna da ƙungiyoyin rabon ruwa da ake kira subak. A wuraren ibadarsu suke taruwa su tsara ranar da kowace gona za ta sha ruwa. Hukumar UNESCO ta sa wannan tsari cikin kayan tarihin duniya a 2012. Musulmin Indunusiya da Malesiya kuwa, ranar ƙaramar Sallah sukan dafa shinkafa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Suna kiran ta ketupat. Ita ce wainarsu ta Sallah.

Imanin waɗannan mutane ya sha bamban da juna. Wasu ma suna ɗaukar shinkafa abu mai tsarki. Amma akwai abu biyu da suka haɗa kowa: godiya da kaka, da ci tare da jama'a.

ME MUSULUNCI YA CE?

Yanzu mu dawo gida. Da farko a sani, ba a ambaci shinkafa da sunanta a cikin Alƙur'ani ba. Akwai wasu maganganu da ake yawo da su kan falalar shinkafa, ana jingina su ga Annabi (SAW). Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun bayyana cewa ƙirƙirarru ne. Saboda haka a wurin Musulmi shinkafa ni'ima ce daga Allah, kamar gero da dawa da masara. Ba ta fi su tsarki ba. Wanda ya yi biki da tuwon dawa bai yi laifin kome ba.

Amma shinkafa ta shiga hukunce-hukunce huɗu da ya kamata kowane manomi ya sani. Za mu kawo su bisa mazhabar Imam Malik, wadda aka fi bi a ƙasarmu.

Na ɗaya: zakkar amfanin gona.

Shinkafa tana cikin amfanin gona iri 20 da ake fitar wa zakka. Ba a jiran shekara ta zagayo. In amfani ya nuna aka girbe, zakka ta hau. Suratul An'am, aya ta 141, ta yi umarni a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa.

Zakka ba ta hawa sai amfani ya kai nisabi. Nisabi shi ne wusƙi 5. Kowane wusƙi sa'i 60 ne. Ke nan sa'i 300. Kowane sa'i kuma mudun Annabi 4 ne. A kula, mudun Annabi daban, mudun kasuwa daban. Mudun Annabi ƙarami ne, kimanin cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Malamai da yawa suna ajiye shi a gida.

Ga hanya mai sauƙi. Ka ari mudun Annabi, ka auna buhunka sau ɗaya, ka ga sa'i nawa yake ci. A ce buhunka yana cin sa'i 50. Raba 300 gida 50, ka sami 6. To, buhu 6 ne nisabinka. Rubuta shi a littafi, ka huta da tambaya kowace shekara.

Nawa ake fitarwa? In ruwan sama ko ambaliyar fadama ce ta shayar da gonar, ɗaya cikin goma ne. Shi ake kira ushiri. In kuwa da injin ban ruwa ko da jigo ka shayar, ɗaya cikin ashirin ne. Misali, manomi ya sami buhu 40 da damina, zai fitar da buhu 4. In a noman rani ne da inji, buhu 2.

Ga wasu ƙarin bayanai. Ana auna shinkafa da ɓawonta, wato shanshera. Ba a haɗa ta da gero ko dawa don cika nisabi, kowanne da lissafinsa. Abin da ka biya 'yan ƙwadago da shi daga cikin amfanin yana shiga lissafi. Bashin taki ko na inji ba ya kayar da wannan zakka. Waɗanda ake ba kuwa kashi takwas ne, an jera su a Suratut Tauba, aya ta 60. Na farkonsu faƙirai da miskinai. Ba ka ba matarka ko ƙananan 'ya'yanka, domin ciyar da su nauyinka ne tun asali.

Na biyu: zakkar fidda kai.

Wasu na kiran ta zakkar kono. Ita ce ta ƙarshen azumi. Maigida yana fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke wuyansa, har jariri. Kowane mutum sa'i ɗaya, wato mudun Annabi 4. Gida mai mutum 9 zai fitar da mudu 36. Ana fitarwa daga abincin da aka fi ci a garin. Inda shinkafa ce, a ba da shinkafa. Inda gero ne, gero ya wadatar, wanda ya ba da abin da ya fi shi kuma ya kyauta. Lokacin da ya fi shi ne safiyar Sallah kafin a tafi Idi. Ya halatta a ba da ita kwana ɗaya ko biyu kafin nan, domin mai karɓa ya sami damar ɗora tukunya. Manufarta ke nan: kada a sami gidan da ba a hura wuta ba ranar Sallah.

Na uku: ciyarwa da kaffara.

Tsohon da azumi ya gagare shi, ana so ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Wanda ya yi rantsuwa ya karya, ɗaya daga cikin hanyoyin kaffararsa ita ce ciyar da miskinai 10. Wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce ciyar da miskinai 60, kowanne mudu ɗaya. Duk waɗannan ana iya yin su da shinkafa.

Na huɗu: musaya da rance.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. In za a yi musayar shinkafa da shinkafa, sai awo ya zama daidai, kuma hannu da hannu. Ba a ba da mudu biyu na maras kyau a karɓi mudu ɗaya na mai kyau. Mafita ita ce ka sayar da taka da kuɗi, ka sayi wadda kake so. In kuwa shinkafa ce da gero, awo na iya bambanta, amma dai hannu da hannu.

Haka rance. In ka ba ɗan'uwanka buhu ɗaya da damina, buhu ɗaya zai biya ka da kaka. In ka sa masa sharaɗin buhu ɗaya da rabi ko biyu, wannan riba ce, kuma haramun ce. Irin wannan rance ya raba manoma da yawa da gonakin gado.

KURAKURAI HUƊU DA YA KAMATA MU GUJE WA

Na farko, sayar da kome da kaka. Da kaka shinkafa tana araha, domin kowa ya kawo kasuwa. A ce ga manoma biyu, kowanne ya sami buhu 20. Na farko ya sayar da duka a mako ɗaya. Kuɗi ya bi hidima ya ƙare. Azumi ya zo, ya koma kasuwa yana sayen mudu-mudu da tsada. Lokacin shuka ya zo, ba iri. Na biyu kuwa ya zauna da littafinsa. Ya fitar da zakka buhu 2. Ya ware iri. Ya ware abincin gida, da na Sallah, da na baƙo. Abin da ya saura ya riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Gonarsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Lissafi ne ya raba su.

Na biyu, cin bashi don a burge mutane. Yau wasu iyaye ba sa barci saboda gara. Wance ta kai buhu biyar, sai ni na kai bakwai. Har akan fasa aure, ko a wulakanta amarya, don gararta ba ta yi yawa ba. Wannan ba al'ada ba ce, gasa ce. Gara kyauta ce, ba farilla ba. Ciyar da mata nauyin miji ne. Hausawa sun ce, kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Sun kuma ce, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Kowa ya yi daidai ƙarfinsa.

Na uku, almubazzaranci. Je ka bayan gidan biki da yamma ka gani. Shinkafa a bola, a kwata, ana takawa. Alhali a unguwar akwai wanda ya kwana da yunwa. Ku tuna wahalar da aka sha: rainon iri, dashe cikin taɓo, korar tsuntsaye tun asuba, yanka, bugu, sheƙa, gumi, shanya, casa. Mai rabon abinci ta zuba daidai ci. Abin da ya rage a bayar nan da nan. Dafaffiyar shinkafa ba ta jure zafi. In ta wuni a ajiye tana iya ɓata ciki, musamman na yara. Sadakar abincin da ya lalace ba sadaka ba ce.

Na huɗu, ba da mummuna a matsayin zakka. Wasu sai su zaɓi buhun da ruwa ya taɓa, ko mai tsakuwa da ƙaiƙayi, su ce na miskinai ne. Suratul Baƙara, aya ta 267, ta hana mutum ya zaɓi abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya bayar. Ka bayar daga irin wadda iyalinka ke ci. A shanya shinkafa a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ko gefen titi ba. Tsabtar abinci ma girmama ni'ima ce.

Muna kira ga mata masu sana'ar gumi: aikinku yana da amfani ƙwarai. Gumi yana tura sinadaran gina jiki daga bayan ƙwaya zuwa cikinta, yana kuma rage karyewa wajen casa. Ku yi shi da ruwa mai tsabta, ku cika mudu in kuna awo.

TAƘAITAWA

Shinkafa tsohuwa ce a ƙasarmu. Da ita muke tarbar jariri, da ita muke raka amarya, da ita muke gaida maƙwabci. Addini bai ce ta fi sauran hatsi ba, amma ya sa mata haƙƙi. Kafin ka kira mai awo, ka fara da zakka, sannan iri, sannan abincin gida, sannan kasuwa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

SABABBIN KALMOMI

Nisabi: adadin da in dukiya ta kai shi zakka ke hawa kanta.
Sa'i: awo mai cin mudun Annabi 4.
Wusƙi: awo mai cin sa'i 60.
Ushiri: ɗaya cikin goma.
Shanshera: shinkafar da ba a cashe ba.
Almubazzaranci: ɓarnar dukiya ko abinci.

TAMBAYOYI

1. Gida nawa ne shinkafar da ake nomawa a duniya? Faɗi sunayensu.
2. Kawo bukukuwa uku da ake dafa shinkafa a garinku.
3. Mece ce manufar gara tun asali?
4. Sa'i nawa ne nisabin shinkafa?
5. Me ya sa rancen buhu ɗaya a biya biyu ya haramta?

AIKIN LISSAFI

1. Manomi ya sami buhu 30 da ruwan sama. Buhu nawa ne zakkarsa?
2. Wata mata ta sami buhu 60 a noman rani da injin ban ruwa. Buhu nawa za ta fitar?
3. Gida mai mutum 12, mudun Annabi nawa ne zakkarsu ta fidda kai?
4. In buhu yana cin sa'i 60, buhu nawa ne nisabi?

AIKIN RUBUTU

Ka sami dattijo ko dattijuwa a garinku. Ka tambaye su sunayen irin shinkafar da ake nomawa a da, da wanda ya rage a hannun mutane yanzu. Ka rubuta a layi biyar, ka kai wa malamin ajinku. In an sami wanda har yanzu yake da tsohon iri, a roƙe shi ya adana, ya kuma sam wa wasu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fitar da haƙƙin da ke kanmu. Amin.